Gida Guda, Ɗaki Huɗu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron, wato kwalta, a Boukoki da safe yana neman taksin Harobanda, da wuya a ce bai shiga motar Mutari ba. Motar kam ba wani abin tunawa a jikinta. Fara ce mai jan kai kamar dubunta a Yamai, ƙofar baya sai an ɗaga ta an yi mata magiya kafin ta rufu. Direban ne ba ya mantuwa. Dogo ne siriri, furfura ta ci gemunsa ta gefe ɗaya ta bar ɗayan sai wani jiƙon, kuma yatsunsa ba sa zama lafiya a kan bolan ɗin motar, wato sitiyari. Da jar wuta ta tsayar da shi sai su fara kiɗa, leɓensa na motsi. Baƙo yakan ɗauka wuridi yake yi. 'Yan uwansa direbobi kuwa sun san abin da yake faɗa, shi ya sa a tasha ba mai kiransa Mutari. Ɗaki Huɗu suke ce masa, kuma sunan ya girmi motar nesa ba kusa ba.

Mutari ɗan Damagaram ne. Ubansa, Malam Amadu, baduku ne, jakunkuna da takalma yake ɗinkawa, bai san harafin boko ko ɗaya ba. Amma ranar da ɗansa ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, tsohon ya rufe rumfa tun azahar, abin da ko ranar suna bai saba yi ba. Aka ɗora saurayi a motar Yamai da sabuwar jakar fata da uban ya ɗinka masa da hannunsa, ya sauka gidan kawunsa a Boukoki, aka rubuta shi a sashen shari'a na jami'a, can hayin kogi.

Lokacin kuwa lokaci ne. An gama babban taron ƙasa, an rubuta sabon tsarin mulki, jamhuriya ta uku tana jaririya, kowane ɗalibi yana tafiya kamar shi aka bai wa renonta. A wancan zamani kowace fadar 'yan makaranta, inda suke taruwa shan shayi, tana da allonta. Sai a sami bangon siminti na wani bawan Allah, a shafa masa baƙin fenti, shi ke nan an yi aji. Mutari da abokinsa Nassirou suka shafa nasu a bangon kawu, ƙarƙashin wani dogon yaro. Kullum bayan la'asar suna nan, shayi a kan gawayi, alli a hannu, awakin unguwa na sauraron darasi kyauta.

Darasin da ya fi ba su wuya shi ne na hukumomin ƙasa: wa ke naɗa wa, wa ke iya tsige wa, wa ke sa hannu kafin doka ta zama doka. Nassirou yakan haddace shi da Faransanci yau, gobe ya nemi ko kalma ɗaya ya rasa. Mutari kuwa kansa ba ya riƙe abu sai ya gan shi da ido. Don haka ya zana ƙasar gaba ɗaya a allo a matsayin unguwa. Ga gidan shugaban ƙasa, ga gidan gwamnati, ga majalisa da ƙaton zaurenta inda kowa ke magana ba mai jin wani. A ƙarshen layi ya zana Kotun Ƙoli, gida mai ɗakuna huɗu, don haka tsarin yake a lokacin. Nassirou ya ce zane ba ya shiga ɗakin jarrabawa, waƙa ce ke shiga. Suka zauna suka shirya ta, ɗaya na kiɗa da cokalin shayi:

Kotun Ƙoli gida guda,
ɗaki huɗu, uba guda.
Na fari mai tsaron doka,
na biyu rikicin jama'a,
na uku ƙarar hukuma,
na huɗu lissafin ƙasa.

Kowane layi yana da jelarsa ta Faransanci, doguwa, da lambobin ayoyin tsarin mulki, da su wa ke zama a ɗakin, da yadda ake naɗa su. In ka ja layin Hausa, jelar sai ta biyo da kanta. Kafin zafi ya yi tsanani Mutari ya iya darasin nan ciki da waje. Ko daga barci aka tashe shi zai kawo shi tiryan-tiryan.

Jarrabawar ce ba a yi ba. Yajin ɗalibai ya haɗu da na malamai, aka yi ta ɗaga rana, har wata safiya rediyo ya ce an soke shekarar baki ɗaya. Ane bulanshi, in ji 'yan boko, wato shekarar da aka shafe ba a ƙirga ta ga kowa ba. Kowa ya ce to, sai baɗi. Kafin baɗin ciwo ya kwantar da Malam Amadu, Mutari ya koma Damagaram jinya, jinya ta ƙare da jana'iza, aka bar shi da uwa da ƙanne. Da ya dawo Yamai kawu ya miƙa masa makullin wata tsohuwar taksi ya ce ya ɗan riƙa kafin abubuwa su daidaita. Har yau yana ɗan riƙawa. Nassirou ma bai gama ba, ya gangara Kwatano yana fiton kaya a tashar jirgin ruwa, sai dai a gaisa ta waya ranar salla.

Darasin nan ya zauna a kan Mutari kamar rigar da aka ɗinka don wani biki, aka fasa bikin, ita kuwa tana ƙasan akwati da karinta. Bai faɗi jarrabawa ba, balle ya yi baƙin ciki ya huce. Bai ci ba, balle ya manta. Abin da ya fi cin ransa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne har abada ba zai san ko ya iya ba.

Da ya auri Zeinabou suka sami ɗiya, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Balkissa, don haka bakinsa bai taɓa kama sunan ba. Uwata yake ce mata, in wasa ya motsa kuma ya ce Metir, yadda ake kiran lauyoyi. Sauran jarirai da waƙar reno ake lallashinsu. Ita da Kotun Ƙoli aka lallashe ta. Yakan ɗora ta a cinya yana buga mata kiɗan a baya har ta yi gyatsa.

"Malam, ka bar ɗiyar nan ta iya cewa Inna tukuna," in ji Zeinabou. "Kai ke nan ba ka da wata waƙa sai ta alƙalai?"

"Bar ta, wannan ita za ta rubuta abin da ban rubuta ba."

Kafin ta shiga lakkol ta iya ɗakuna huɗun nan. Kafin ta gama firamare ta iya jelar Faransancin duka, ba tare da ta san me take nufi ba, yadda yaro ke iya kirarin kakansa.

To, ita ƙasa ba ta tsaya jiran Mutari ba. Jamhuriya ta uku ta tafi, wata ta zo, wata ta bi ta, har aka kai ta bakwai, kuma kowace in ta zo sai ta sake fasalin unguwar nan da ya zana. Gidan ɗaki huɗu ma an raba shi, kowane ɗaki ya zama kotu mai cin gashin kanta da sunanta da shugabanta. Kada a ce Mutari bai ji ba. Mutumin da rediyo ke kunne a motarsa daga safe har yamma ai ya ji. Ya sha kai fasinja ƙofar kotun tsarin mulki, ya sha jira a ƙofar kotun lissafi. Sai dai shi ya fassara abin yadda ya san duniya: 'ya'ya sun girma, gida ya yi kaɗan, kowa ya kama nasa a wata unguwa, amma ai uban yana nan. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa a wace unguwa uban yake zaune ba. Abin da mutum ya koya yana ɗan shekara ashirin ƙarƙashin dogon yaro, ga aboki ga shayi, ba ya son a taɓa masa shi.

Shekarar da Balkissa ta ci bak ta zaɓi sashen shari'a, Mutari ya kwana biyu yana gaisawa da mutanen da bai sani ba. Ya sake tsarin aikinsa gaba ɗaya. Kujerar gaba ta zama tata kowace safiya, duk wanda ya leƙo taga ya faɗi unguwar da ba ta hayin kogi ba sai ya girgiza kai ya wuce, ko da kuwa motar ba kowa. Ranar farko ma sai da ya ratsa da ita ta gaban tsohon gidan kawu. An sare dogon yaron, bangon ya zama shagon sayar da katin waya, amma a sama kusa da kwano akwai wani baƙin zirin da sabon fenti bai kai ba.

"Kin ga can? Ajinmu ke nan. Nan Nassirou ke zama, nan tukunyar shayi."

Ta duba ta ce ta gani. Ita dai katin waya ta gani, amma ta ga fuskar ubanta.

Abu ɗaya ne a ransa, kuma kowa a gidan ya sani: Balkissa ta tsallake shekarar farko. Nan ya tsaya, nan kuma ɗalibai da yawa ke zubewa. Da ya ji cewa cikin darussanta akwai na hukumomin ƙasa, kuma shi ne mai nauyi a jarrabawa, sai ya ji kamar an ce masa ga tsohon abokinka a ƙofa.

Tsohuwar gada ta zama ajinsu. Da safe ba a tsallake ta da sauri. Ga motoci, ga babura, ga amalanke, wani lokacin ga raƙumi ɗauke da tabarmi yana tafiya kamar kakansa ne ya gina gadar. A ƙasa masu wanki sun shanya tufafi a kan ciyawa, kwalekwale na sauke kabewa. Nan Mutari zai buga bolan ya ce, "To, Metir, ɗaki na uku." Ita kuwa ta kawo shi da jelarsa. Fasinjojin baya su yi ta mamaki. Wata Bazabarma mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, da ke yawan shiga motar har ta iya amshi, ko da yake Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba.

Balkissa ta gane tun makonnin farko. Malaminsu, Mushe Abdoulkarim, ya zana kotuna huɗu a allo, kowace ita kaɗai, ba rufin da ya haɗa su. Ta zauna tana neman uban gida a allon ba ta gan shi ba. Ta yi niyyar faɗa. Wata safiya har ta buɗe baki.

"Baba, Mushe ya ce a tsarin yanzu..."

"Me ya ce? Ya kai ku ɗaki na huɗu? Wannan shi ne ya fi ba Nassirou wuya. Wallahi sai ya kai lissafin ƙasa sai ya tsaya yana kallon akuya." Ya fashe da dariya har da dukan cinya, idonsa ya kawo ruwa.

Ta dube shi. Mutumin da ke dawowa gida da yamma bayansa a sanƙare, ba ya iya ko doguwar magana, ga shi nan ya koma saurayi a kan gada. Ta haɗiye maganarta ta ce, "I, Baba, ya kai mu." Daga ranar ta riƙa ɗaukar darasi biyu. Na malam a kaye, wato littafin rubutunta, tana bitarsa a inuwar itatuwan jami'a tana kai da kawowa kamar sauran ɗalibai. Na Baba kuma a baka, kowace safiya. Ta ɗauka kanta zai iya raba su. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma ɗaya wata takwas ya yi a kanta, ɗayan kuwa da shi aka yaye ta.

Ranar jarrabawar wata babbar mota ta mutu a tsakiyar gada. Aka tsaya cak. Zafin bazara ya sauko tun da hantsi, masu babura na zage-zage, Balkissa na ta duban agogo. Mutari ya ga ɗiyarsa ta tsorata, kuma magani ɗaya ya sani.

"Uwata, kwantar da hankalinki. Taho mu yi. Kotun Ƙoli gida guda..."

Suka yi, suka sake, suka kuma sakewa, har hanya ta buɗe. Ta shiga ɗakin jarrabawa da gudu ana raba takardu. Babbar tambaya ta ce a bayyana tsarin manyan kotunan ƙasa. Hannunta bai ko tsaya shawara da ita ba. Ta cika shafi huɗu da rubutu mai kyau, ayoyi da lambobinsu, ba gogewa ko ɗaya. Sai da ta miƙa takarda ta fito, iska ta buge ta a bakin ƙofa, sannan ta tsaya ta dafe kai.

Ba ta faɗa a gida ba. Mutari kuwa ya yi ta shelar cewa an tambayi abin da suka bita a kan gada, har ya saya wa 'yan tasha goro.

Ranar da aka liƙa sakamako ya jira ta a ƙofar jami'a. Ta fito ta shiga gaba ta rufe ƙofa a hankali. Ta ci sauran darussa, ta ce, amma ta faɗi na hukumomin ƙasa, faɗuwar da ta ja ta ƙasa. Sai ta sake zama a zagaye na biyu bayan damina. In ta kuma faɗi, shekarar ta tafi.

Mutari ya kashe mota. "Wane darasi? Namu? Me kika rubuta?"

Ta faɗa masa, layi bayan layi.

"To ina kuskuren? Wallahi ko wanda ya rubuta tsarin mulkin iyakar abin da zai ce ke nan! Wannan zalunci ne. Ina ofishin mushen nan yake? Yau sai ya nuna mini." Ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya waje.

Ta riƙe hannun rigarsa. Tun da ta girma ba ta taɓa yi ba.

"Baba, don Allah zauna. Babu Kotun Ƙoli."

"Kamar yaya babu?"

"An raba ta. Ɗaki na fari ya fita tun ban yi wayo ba, sauran suka bi daga baya. Kowace kotu yanzu kanta take ci. Ba uba, Baba. An daɗe."

"Ke kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon shekara."

Ya mayar da ƙafarsa cikin mota. Wani ɗalibi ya leƙo taga ya ce unguwar Dar es Salam, bai ko ji shi ba. Kunya ce ta fara kama shi, ta goron da ya raba da fasinjojin da ya yi wa burga. Bayanta sai ya gane abin da ya yi. Shi da bakinsa, da waƙarsa, ya tare ɗiyarsa a daidai inda aka tare shi. Ita kuwa ta gani, ta yi shiru don kada ta ɓata masa safiyarsa. Ya tayar da mota suka nufi Boukoki.

Daga ranar yatsun Mutari suka mutu a kan bolan. Yakan kai ta laburaren jami'a da safe, rediyo a kunne, idonsa a kan hanya. Mai kopto ta gwada jan amshi sau ɗaya, ta ga ba wanda ya karɓa, ta kama bakinta. A tasha aka ce Ɗaki Huɗu ba shi da lafiya. A gida in ya ga Balkissa ta buɗe kaye sai ya ɗauki buta ya fita, wai kada ko numfashinsa ya sake shiga karatunta.

Zeinabou ce ta gaji. Wata rana da ya dawo cin abincin rana ta ajiye masa kwano da ɗan ƙarfi.

"Malam, da ka cika ta da surutu, yanzu ka cika ta da shiru. Wanne za ta ji da shi? Ɗiyar nan ba ta iya karatu ita kaɗai, kai ka saba mata. Jiya na same ta tana yi wa randa bayani."

"Me zan koya mata? Abin da na sani ya mutu."

"Wa ya ce ka koya mata? Kai ba ka iya zama a koya maka ba?"

Abincin ma bai ci da yawa ba.

Washegari damina ta sauka sosai, kogi ya yi ja ya cika har ya haɗiye wurin masu wanki. Suna hawa gada Mutari ya rage rediyo, ya yi gyaran murya kusan sau uku.

"Uwata. Wannan ɗaki na uku, na ƙarar hukuma. Da ya fita, ina ya koma? Wa ke naɗa mai gidan?"

Ta juyo ta dube shi. Sannan ta gyara zama ta fara bayani.

Ɗalibi ne mai wahala, a gaskiya. Ga musu, ga mantuwa, ga "a zamaninmu ba haka ba ne." Abin da ta faɗa masa yau, gobe sai ya mayar da shi cikin tsohon gida, ta sake fitar da shi. In ta yi bayani a cukurkuɗe sai ya ce bai gane ba, ta koma ta buɗe kaye ta dawo da wanda ya fi sauƙi. Wani lokacin ya gane sarai, amma ya ce bai gane ba, don ta sake faɗa. Ta roƙe shi su yi wa sabon tsarin waƙa, ya ƙi.

"A'a. Waƙa ba ta jin gyara. Ki san shi da ido buɗe, don in sun sake canzawa ki iya sakin sa."

Da maraice ɗaya, shi kaɗai a mota, ya bi ta gaban kotunan nan ɗaya bayan ɗaya yana karanta allunan ƙofarsu, abin da bai taɓa tsayawa yi ba duk shekarun nan. Ya tuna gidansu na Damagaram. Su ma bayan rasuwar Malam Amadu kowa ya kama gabansa, ɗaya Agadas, ɗaya Kano, shi Yamai, amma har yau in zai je sai ya ce za shi gidan Baba. Ya ja tsaki ya ɗauki fasinja.

Ranar zagaye na biyu tun da sassafe ya fito da ita, ya bi ta sabuwar gada ko da yake ta fi nisa, kuma bai buɗe baki ba sai a ƙofa, inda ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ta ci. Ba da wani babban maki ba, sha biyu cikin ashirin, amma ta tsallake. Ranar da ta fito da labarin Mutari ya kifa goshinsa a kan bolan ya daɗe yana hamdala, har ham ɗin motar ya yi ƙara bai sani ba. Da ya ɗago ya tayar da mota, sai ta ce ya dakata.

"Baba, akwai abin da ban faɗa maka ba. Na bari sai na ci."

Bayan faɗuwar farko, in ji ta, ta je ganin takardarta kamar yadda ake bari ɗalibai su yi. Mushe Abdoulkarim ya fito da ita ya daɗe yana juya shafukan. Sannan ya tambaye ta wa ya koya mata wannan, don rabonsa da ganin sa tun yana ɗalibi. Ta ce babanta ne, ya yi shekarar farko a jamhuriya ta uku, aka soke shekarar.

"Sai ya cire tabarau ya ce, 'Ban iya ba ki maki ba, ɗiyata, don ba ƙasar da muke ciki kika rubuta ba. Amma na duba aya bayan aya, don kaina. Ba kuskure ko ɗaya. Ki ce wa babanki, da an yi jarrabawar nan a shekararsu, sha takwas zan ba shi.'"

Mutari ya kalli gilashin gaba. Ɗalibai na wucewa da kayensu a hammata.

"Ba kuskure, ya ce?"

"Ko ɗaya."

"Har ɗaki na huɗu?"

"Har shi, Baba."

"Maimaita mini yadda ya faɗa."

Ta maimaita. Ya sa gefen rawaninsa ya share fuska, ya ce zafin garin nan ya yi yawa, alhali hadari ne a sama. Sannan ya laluba aljihu ya fito da waya, ya daɗe yana neman lambar da ba ya kira sai ranar salla. Ta yi ta ƙara. Can aka ɗauka, ana jin hayaniyar manyan motoci a bayan muryar.

"Mutari? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Nassirou, sakamakonmu ya fito."

"Wane sakamako kuma?"

"Na hukumomin ƙasa. An duba takardarmu. Sha takwas."

Balkissa ta ɗauka layin ya yanke. Sai ta ji wani ɗan ƙara daga cikin wayar, kamar ana buga makulli a jikin ƙarfe, da wata tsohuwar murya tana lalubo kalmomin waƙar. Mutari ya ajiye wayar a cinyarsa ya ɗora yatsu a kan bolan. Da suka kai ɗaki na huɗu Nassirou ya tsaya, kamar yadda ya saba, Balkissa ta ƙarasa masa.